Shin Ko Kun San? Yadda 'Yan Burazil Ke Karanta Turanci a Ƙofar Jami'a

A wannan makon filinmu ya leƙa ƙasashen da ke magana da harshen Fotugis, musamman Burazil. Za mu ga yadda ɗalibin da bai tashi da Turancin Ingilishi a gida ko a kasuwa ba yake tunkarar tambayoyin auna fahimta ranar jarrabawar shiga jami'a, da abin da malamansa suka gano a kan haka.

Harshen da masu shi

Shin ko kun san cewa mutum sama da miliyan 250 ne ke magana da harshen Fotugis a duniya, kuma mafi yawansu ba a Fotugal suke ba? Burazil kaɗai ta ƙirga mutum miliyan 203 a ƙidayar 2022. Fotugal kuwa mutanenta miliyan 10 ne da 'yan kai.

Shin ko kun san cewa ƙasashe 9 ne ke cikin ƙungiyar masu wannan harshe, wato CPLP, wadda aka kafa a Lisbon a 1996, kuma 6 daga cikinsu a Afirka suke? Su ne Angola, Mozambik, Gini Bisau, Cabo Verde, São Tomé da Príncipe, da Ikwatoriyal Gini. Sauran ukun su ne Burazil, Fotugal da Timor ta Gabas.

Ko kun san cewa Mozambik ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a 1995, alhali Ingila ba ta taɓa mulkarta ba? Maƙwabtanta 6, wato Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Zimbabuwe, Afirka ta Kudu da Eswatini, dukkansu suna amfani da Turanci a hukumance. Ɗalibin Maputo, babban birnin Mozambik, da ke son karatu ko ciniki a tsallaken iyaka ba shi da makawa sai ya iya karanta shi.

Yadda Turanci ya shiga aji

Shin ko kun san cewa tun 1809 aka ba da umarnin koyar da Turanci a Burazil? Shekara guda kafin nan gidan sarautar Fotugal, da ya tsere wa sojojin Napoleon, ya sauka a Rio de Janeiro. Aka buɗe tashoshin jiragen ruwa ga 'yan kasuwar waje, Ingilawa ne kuma suka fi cin moriyar hakan. Sai Yarima Dom João ya sa a riƙa koyar da Faransanci da Turanci.

Ko kun san cewa dokar da ke aiki yau, wadda ta ambaci Turanci da sunansa ta wajabta shi daga aji na 6, a 2017 aka yi ta? Dokar ilimi ta 1996 cewa kawai ta yi a koyar da wani harshen waje na zamani, makaranta ta zaɓi wanda za ta iya. Wata dokar ta 2005 ta tilasta wa makarantun sakandare su tanadi darasin Sifaniyanci, amma gyaran 2017 ya soke ta.

Shin ko kun san cewa a wani rahoto da hukumar British Council ta fitar a 2014, kashi 5 cikin 100 ne kacal na 'yan Burazil masu shekara 16 zuwa sama suka ce sun san wani abu na Turanci?

Kun san kuwa cewa wannan giɓi ya taɓa jawo wa gwamnati cikas a bainar jama'a? A 2011 ta ƙaddamar da shirin Ciência sem Fronteiras, da burin ba da tallafi dubu 101 na karatu a ƙasashen waje. Ɗalibai da yawa suka yi ta neman Fotugal, saboda can babu wahalar harshe. A ƙarshen 2012 aka buɗe shirin koyar da Turanci na musamman ga 'yan jami'a, a 2013 kuma aka dakatar da tura masu digirin farko Fotugal.

Shin ko kun san cewa wata malama ce ta jagoranci sauya salon koyar da karatun Turanci a jami'o'in ƙasar? Farfesa Maria Antonieta Alba Celani ce, ta Jami'ar Katolika da ke São Paulo. A ƙarshen shekarun 1970 aka binciki bukatun jami'o'i da dama, aka tarar abin da ya fi damun ɗalibin likitanci ko injiniya shi ne ya karanta littafi da mujallar fanninsa. Daga nan aka kafa wani shiri na ƙasa da ya ɗauki shekarun 1980, tare da ƙwararru daga Birtaniya irin su John Holmes, Mike Scott da Tony Deyes.

Ko kun san cewa a wannan tsari, da suke kira Inglês Instrumental, da harshen Fotugis malami ke bayani a aji? Matanin da ke gaban ɗalibi na Turanci ne, amma tattaunawa a kansa da harshen gida ake yi. Ba a kunyata kowa saboda lafazi. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya ɗaga kai daga takarda ya faɗi abin da marubucin ke nufi. Jagororin manhaja na ƙasa da aka fitar a 1998 su ma karatu suka fifita a darasin harshen waje.

Ranar jarrabawa

Shin ko kun san cewa babbar ƙofar jami'a a Burazil ita ce jarrabawar ENEM, wadda hukumar INEP ke shiryawa? An fara ta a 1998 da tambayoyi 63, mutum wajen dubu 157 suka yi rajista. A 2009 aka mai da ita tambayoyi 180 da insha'i guda. A 2014 masu rajista sun haura miliyan 8.

Ko kun san cewa da makin ENEM ake raba guraben jami'o'in gwamnati ta tsarin SISU, da shi kuma ake samun tallafin ProUni a jami'o'in kuɗi? Har ƙetare makin na aiki: a 2014 Jami'ar Coimbra ta Fotugal ta zama ta farko a can da ta fara karɓar sa.

Shin ko kun san cewa tun 2017 a ranakun Lahadi biyu a jere ake rubuta ta? Ƙarfe 12 na rana da agogon Brasília ake buɗe ƙofa, ƙarfe 1 daidai a rufe, 1:30 a fara. A jihar Acre da ke can yamma, lokacin rufe ƙofar ƙarfe 11 na safe ne a wurinsu. Kowace shekara sai an ga ɗalibai suna sheƙa gudu da katin shaida a hannu, wasu su tarar an riga an ja ƙyaure, su riƙe ƙarfen suna kuka. Wanda ya samu shiga, wayarsa a kashe take cikin jaka da aka liƙe, hannunsa riƙe da baƙin biro mai gangar jiki da ake ganin cikinta. Babu ƙamus.

Ko kun san cewa sai a 2010 harshen waje ya shiga ENEM, kuma tambayoyi 5 ne rak? Su ne na 1 zuwa na 5 a ranar farko. Cikin 180 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, amma ɗaya bisa tara ne na sashen harsuna mai tambayoyi 45. A kwas irin likitanci, inda ɗan maki kaɗan ke raba wanda ya shiga da wanda ya koma gida, biyar ɗin nan ba abin wasa ba ne.

Shin ko kun san cewa matanin ne kawai ke zuwa da Turanci? Tambayar da zaɓin amsoshi biyar, A zuwa E, duk da harshen Fotugis ake rubuta su. Saboda haka malamai ke cewa a fara karanta tambayar. Ita ce ke nuna wa ɗalibi batun da matanin ke magana a kai, da abin da zai nema a ciki.

Ko kun san cewa tun wurin rajista ɗalibi ke zaɓa tsakanin Turanci da Sifaniyanci, kuma ba a canzawa ranar jarrabawa? A shekaru da dama masu zaɓen Sifaniyanci sun rinjayi masu Turanci, domin ya yi kama da harshensu. Malamai kuwa ba su daina gargaɗi ba: kamannin da ke jawo ɗalibi shi ne ke sa ya saki jiki, ya karanta da ka maimakon da ido.

Shin ko kun san cewa sa'a 5 da rabi ake bayarwa a ranar farko, domin tambayoyi 90 da insha'i? Idan aka ware wa insha'in sa'a guda, saura minti 270, wato minti 3 ga kowace tambaya. Turanci gaba ɗayansa minti 15 ke nan. Wanda ya ce sai ya fassara kalma bayan kalma, lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar hanya.

Ko kun san cewa ba yawan amsoshin daidai kaɗai ake ƙirgawa ba? Tsarin lissafin, da suke kira TRI, yana duba ko amsoshin ɗalibi sun dace da juna. Wanda ya ci tambayoyi masu wuya ya faɗi masu sauƙi, tsarin zai ɗauka canki-canka ya yi, ya rage nauyin makin. Ba a cire maki don kuskure, don haka barin tambaya babu amsa asara ce, amma ainihin riba tana ga wanda ya riƙe masu sauƙin da kyau.

Shin ko kun san cewa kundin da ya zayyana abin da ake aunawa bai nemi haddar ƙa'idojin nahawu ba? Abubuwa huɗu ya lissafa: danganta kalmomi da jigon matani, amfani da harshen don kai wa ga bayani da fasaha da al'adu, gane aikin da matani ke yi a cikin al'umma, da sanin darajar adabi da fasahar masu harshen.

Ko kun san cewa wasu manyan jami'o'i har yau suna da jarrabawarsu ta kansu, wadda ake kira vestibular? Gidauniyar Fuvest, da aka kafa a 1976, ita ke shirya ta Jami'ar São Paulo, Jami'ar Campinas ma tana da tata. Matanonin sukan fito daga jaridu da mujallun Ingila da Amurka. Campinas ta daɗe da suna wajen sa ɗalibi ya karanta Turanci ya rubuta amsa da hannunsa a harshen Fotugis, inda canki-canka ba ta ceton kowa.

Kalmomi: dangi na gaskiya da na bogi

Shin ko kun san cewa fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci daga Latin da Faransanci suka fito? Wata ƙidaya da Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff suka wallafa a 1973 ta ba kowannensu kusan kashi 28 cikin 100. Ƙofar ta buɗe ne sosai bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Harshen Fotugis kuwa ɗan Latin ne na cikinsa. Ɗalibin Recife a Burazil ko na Luanda a Angola yana shiga jarrabawa da dubban kalmomin Turanci da bai taɓa zama ya koya ba.

Ko kun san cewa kalmomin ilimi sun fi na hira sauƙi a wurinsa? Jerin kalmomin karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000 yana da iyalan kalmomi 570, waɗanda ke cike kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, kuma sama da kashi 80 cikin 100 nasu asalinsu Latin ne ko Girkanci. Shi ya sa zai gane information da university tun kallon farko, amma ƙananan kalmomi irin though, yet da rather su tsaya masa a wuya.

Shin ko kun san cewa ɗafa-ƙeya guda huɗu na buɗe masa ɗaruruwan kalmomi? Inda Turanci ya ƙare da -tion, Fotugis kan ƙare da -ção. Inda ya ce -ty, shi -dade yake cewa. Haka -ous da -oso, haka -ly da -mente. Nation ita ce nação, society ita ce sociedade, famous kuma famoso.

Ko kun san cewa a cikin wannan garaɓasa tarkon yake? Kama da wane ba wane ba ne. Wasu kalmomi sun zo ɗaya a rubuce, ma'anarsu ta raba hanya. Malaman Faransa biyu, Maxime Koessler da Jules Derocquigny, su suka raɗa musu suna abokan ƙarya a wani littafi na 1928. Ga waɗanda suka fi kayar da mai jin Fotugis:

Pretend a Turanci yin kamar ne, pretender a Fotugis yin niyya.
Push turawa ne, puxar jawowa.
Parents iyaye ne, parentes dangi.
Library ɗakin karatu ne, livraria kantin littattafai.
Actually "a gaskiya" ne, atualmente "a halin yanzu".
Fabric yadi ne, fábrica masana'anta.
Exquisite abu ne mai tsananin kyau, esquisito abin da ya zo bambaraƙwai.
Support goyon baya ne, suportar jurewa.

Shin ko kun san cewa abokan ƙaryar ba su kai na gaskiyar yawa ba, ko kusa? Shi ya sa gogaggun malamai ba sa tsorata ɗalibi da su. Sukan ce ya amince da kalmar da ta yi kama da tasa, sai in ma'anar jimlar ta ƙi zama. Waɗanda aka sani da yaudara kuwa a haddace su tun da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko kun san yawan kalmomin da mai karatu ke bukata? Batia Laufer ta nuna a 1989 cewa sanin kashi 95 cikin 100 na kalmomin matani shi ne matakin fara fahimta mai ma'ana. Marcella Hu da Paul Nation a 2000 suka ce kashi 98 ake so in za a karanta ba tare da taimako ba. A matani mai kalma 150, wannan na nufin baƙin kalmomi 3 kawai. A lissafin Nation na 2006, kai wa wannan mataki a jarida ko littafin labari na bukatar iyalan kalmomi dubu 8 zuwa 9. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, dubu 2 na farko kaɗai na ɗaukar wajen kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutu.

Ginin jimla

Shin ko kun san cewa mai jin Fotugis sai ya koyi karanta wasu sassan jimlar Turanci daga dama zuwa hagu? A harshensa suna ke fara zuwa, sifa ta biyo baya. Turanci kuwa sai ya jero siffofi da sunaye uku ko huɗu, ya ajiye uban tafiyar a ƙarshe. Wanda ya kama kalmar farko a matsayin abin da ake magana a kai, ya ɓata tun daga bakin ƙofa.

Ko kun san cewa ƙaramin aikatau da ya ɗauki 'yar kalma a bayansa na iya canza ma'ana gaba ɗaya? Give bayarwa ne, give up sarewa. Look dubawa ne, look after kula da wani. Put ajiyewa ne, put off ɗage abu zuwa gaba. Latin ba ta taimakon kowa a nan, sai yawan haɗuwa da su a cikin karatu.

Shin ko kun san cewa amsar tambaya sau da yawa tana bayan mahaɗi ne? However, although, despite, unless da whereas su ke nuna inda marubuci ya juya akalar zancensa. Abin da ya biyo bayan "amma" shi ne galibi matsayinsa na gaskiya. Masu tsara jarrabawa sun san haka, shi ya sa sukan ɗauko rabin jimla na farko su mai da shi amsar bogi.

Ga misali mu gani da ido. A ce an ba ɗalibi wannan jimla: Although the new public health campaign was actually cheap, few parents supported it. Idonsa zai fara sauka kan kalmomi biyar da suka yi kama da nasa. Biyu na gaskiya ne: public ita ce público, campaign ita ce campanha. Uku kuwa tarko ne. In ya bi su yadda suka zo, zai fahimci cewa "a halin yanzu" wasu "dangi" sun "jure" wani abu. In ya natsu, zai fara da although, ya san akwai saɓani a gaba. Zai je ƙarshen jerin new public health campaign ya kama campaign, ya dawo baya: gangami ne, na lafiyar jama'a, sabo. Zai lura few ce babu "a" a gabanta, wato ƙalilan ne, ana kukan ƙarancinsu. Ma'ana ta fito: ko da yake sabon gangamin lafiyar jama'ar a gaskiya ba shi da tsada, iyaye ƙalilan ne suka goyi bayansa. Ko bai san cheap ba, mahaɗin ya riga ya gaya masa cewa wani abin kirki aka faɗa game da gangamin.

Ko kun san cewa karatu iri uku ake koya musu? Akwai na shawagi, inda ido ke bin take, hoto, layin farko da sunan jaridar da aka ciro matanin, don a san inda aka dosa. Akwai na farauta, inda ake neman abu guda, shekara ko suna ko adadi. Sai na tsanaki, wanda ake keɓe wa jimla biyu ko uku da amsar ke ciki.

Shin ko kun san cewa baligi ɗan asalin Turanci kan karanta kalma 238 a minti guda a rubutun da ba na ƙagaggen labari ba? Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent ne ya fitar da wannan adadi a 2019, bayan ya tattara bincike 190. Mai karatu da harshe na biyu bai kai haka sauri ba, kuma babu laifi. Matanin ENEM gajere ne, minti 3 sun isa a karanta shi sau biyu in ba a tsaya kokawa da kowace baƙuwar kalma ba.

Abin da ɗalibi ya zo da shi a ka

Shin ko kun san cewa waƙoƙi da zanen barkwanci da tallace-tallace na fitowa a ENEM? A 2010 an kawo waƙar Viva la Vida ta ƙungiyar Coldplay. A 2011 aka kawo War ta Bob Marley. A 2012 kuma rubutacciyar waƙar Langston Hughes mai suna I, Too. Kalmomin waƙar Marley daga jawabin da Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 aka ɗebo su. Ɗalibin da ya san tarihin wariyar launin fata ya riga ya yi rabin aikin kafin ya karanta layin farko.

Ko kun san cewa bincike ya tabbatar da ƙarfin wannan sani? A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba yara 64 a Amurka wani matani kan wasan baseball. Yaran da ba su da ƙarfi a karatu amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar abin da ya faru.

Shin ko kun san tambayar da Charles Alderson ya yi a 1984, wadda har yau ake tattaunawa a kanta? Ya ce, in ɗalibi ya kasa karatu a harshen waje, matsalar harshe ce ko ta karatu? Elizabeth Bernhardt ta Jami'ar Stanford ta ƙiyasta a 2005 cewa sanin sabon harshen na bayyana kusan kashi 30 cikin 100 na fahimta, iya karatu a harshen farko kuma kusan kashi 20. Wanda bai saba ciro jigon labari a harshen uwarsa ba, ba zai fara a Turanci ba.

Ko kun san cewa a nan babbar damuwar Burazil take? A gwajin PISA na 2018, yaranta 'yan shekara 15 sun samu maki 413 a karatu, alhali matsakaicin ƙasashen OECD 487 ne. Rabinsu ba su kai matakin da ake ɗauka mafi ƙaranci ba. Da harshen Fotugis aka yi musu gwajin.

Shin ko kun san cewa Fotugal na cikin ƙasashen da ke sahun gaba a jadawalin iya Turanci na kamfanin EF, Burazil kuwa tana can baya? Tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 Turanci ya zama dole a Fotugal daga aji 3 na firamare. Sannan a talabijin ɗinsu fim na zuwa da muryarsa ta asali, fassara na bi a rubuce a ƙasan allo. A Burazil an fi ɗora murya, kamar yadda ake ɗora Hausa a finafinan Indiya. Yaron Lisbon yana jin Turanci yana karatu da sauri a lokaci guda, tun bai san yana koyon komai ba.

Wa ke shiga, wa ke tsayawa a waje

Shin ko kun san cewa iyalai masu hali a Burazil sun daɗe suna biyan kuɗin makarantun harshe na yamma, irin su Cultura Inglesa da aka kafa a Rio de Janeiro a 1934? Ɗan talaka kuwa da ɗan abin da ya samu a makarantar gwamnati yake shiga jarrabawa. Dokar 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati.

Ko kun san cewa tun kafin dokar al'umma ta tashi da kanta? A 1992 aka kafa Cibiyar Steve Biko a birnin Salvador na jihar Bahia, domin shirya matasa baƙar fata su ci jarrabawar jami'a. A yau darussan share fage na kyauta ko na rahusa, da suke kira cursinho popular, sun bazu a unguwannin talakawa, malamansu da yawa 'yan sa-kai ne. Salon Celani ya dace da su, domin ba ya bukatar na'ura ko tafiya Landan. Tsofaffin takardun jarrabawa da INEP ke sakawa kyauta a intanet sun isa a fara.

Shin ko kun san cewa jarrabawar JAMB a Najeriya ita ma tambayoyi 180 ce, 60 daga ciki na Turanci, a cikin sa'a 2? Bambancin shi ne, ɗalibin Kano ko Sakkwato da Turanci ake yi masa tambayar lissafi da ta kimiyya da ta tarihi. Shi duk 180 ɗin auna fahimta ne. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci kuwa yana da irin garaɓasar ɗan Burazil, da irin tarkonsa: actuellement da librairie za su yaudare shi kamar yadda atualmente da livraria ke yi a can.

Abin da malaman Burazil suka tabbatar cikin shekaru sama da 40 shi ne, fahimtar rubutun Turanci fasaha ce da ake koyarwa mataki-mataki, kuma yaron da ba ya iya hira da harshen zai iya ƙwarewa a karanta shi. Malami ya sa ɗalibi ya faɗi jigon matani da harshen da ya fi ji kafin a shiga nahawu. Ɗalibi ya riƙa karanta ɗan gajeren rubutu kullum, yana kama mahaɗai, yana tara kalmomin da suka fi yawan fitowa. Iyaye kuma su sa wa yara jarida da littafi a hannu, ko da na Hausa ne, domin wanda ya iya bin zaren magana a harshensa shi ne zai bi shi a harshen wasu.